Ki Jira Inna, Ku Shiga Rauda Tare

Rusaifa, Makka
Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga 'yata Sumayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da angonki Yasir. Allah Ya sauke ku Madina cikin aminci, Ya tsare ku a hanya da bayan hanya, Ya sa ɗakin da za ki shiga ya zama ɗakin kwanciyar hankali, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari.

Na sa takardar a akwatin abayoyinki, don na san shi za ki fara buɗewa. Na so in faɗa miki da baki, amma gida cike yake da baƙi, kuma duk lokacin da na same ki ke kaɗai sai harshena ya yi nauyi.

Bari in fara da roƙon da ya sa na ɗauki biro, kada in sa ki karanta shafi huɗu kina neman inda na dosa, irin yadda littattafan da nake karantawa suke yi wa mutum. Ranar ƙunshi na ji kina nuna wa ƙawayenki waya, kina murna kin samu tasrihi, izinin shiga Rauda, dausayin Aljanna da ke cikin Masallacin Annabi, a satinki na farko a Madina. Sumayya, ki soke shi. Ki ajiye shigarki har Inna ta zo.

Nan da wata biyu Inna, mahaifiyar mahaifiyarki, za ta taso daga Sakkwato. Wannan ne zuwanta na farko, kuma ke ma kin ji muryarta a waya, kin san shekaru sun ja. Idanunta ba sa gani sosai. Ba da ejan za ta zo ba, kawunki ne zai rako ta, shi kuwa namiji ne, maza da mata ba lokaci ɗaya suke shiga ba. Ni kin ga nauyin da nake ɗauke da shi, watan zuwanta shi ne watana, likita ta hana ni ko doguwar tafiya a mota. Ba wata macen da za ta riƙe hannun Inna ta shiga da ita sai ke. Idan kika shiga yanzu, ina tsoron ranar da za ta buƙace ki a ce miki lokacinki bai zagayo ba. Ba hasashe nake yi ba. Ni aka faɗa wa haka, mahaifiyata tana tsaye a gefena.

Kin san Mama, mahaifiyata, ta zo umara shekara biyu da suka wuce. Kin san ta koma Kano, kin san ta rasu da damina. Abin da ya faru a Madina ne ba ki sani ba, don jarrabawa ta hana ki bin mu, ni kuma da muka dawo na ce miki komai ya tafi daidai. Bai tafi daidai ba.

Na zo gidan nan ina da shekara ashirin, ke kina da takwas, rabin akwatina littattafan soyayya ne da na sayo a Kano. Kin sha jin Abbanki yana tsokanata, wai da fiƙihu ya samu rabin lokacin da nake ba su, da tuni na fara ba da fatawa. A cikin littattafan nan ba wanda yake bin layi, ba wanda yake cike takarda. Yarinya ta fito kawai, ƙofa ta buɗe, wanda take nema yana tsaye. Na daɗe ina ɗauka cewa duk abin da aka yi wa tanadi daɗinsa ya ragu, wanda ya faɗo da kansa shi ne rabo. Sai na haɗa wannan da ciwon da yake kama mu mazauna garin nan. Muna hango hasumiyar agogo daga kan bene, sai mu ɗauka komai a hannunmu yake. Baƙo ne yake shiri, mu 'yan gida ne.

Saura sati shida Mama ta zo, wani aiki ya kai Abbanki Madina na kwana biyu, ya tafi da ni. A cikin jirgin ƙasa na buɗe waya ina wasa da ita, sai na ga gurbi ɗaya na shiga Rauda a lokacin mata, washegari da safe. Wataƙila wata ce ta fasa. Ni kuwa na ce kira ne aka yi mini. Wasu layuka huɗu suka fito da Larabci, ƙananan rubutu, na danna amincewa ban duba su ba. Ni da ba na tsallake ko layi ɗaya a labarin mutanen da ba a taɓa haifa ba, na tsallake layi huɗu da suka shafi mahaifiyata. Abin da suke cewa shi ne, wanda ya shiga sai ya jira lokaci mai tsawo kafin a sake ba shi izini.

Na shiga. Na yi raka'a biyu, na yi kuka, har na roƙi Allah Ya kawo Mama wannan wuri. Na fito ina jin ba wadda ta kai ni sa'a.

Don haka, 'yata, duk abin da waya ko takarda ta ce ki amince, ki karanta shi har ƙasa kafin yatsanki ya taɓa. Ke Larabci harshenki ne, ba ki da ko uzurin da nake fakewa da shi. Kuma idan abu ƙidayayye ne, wanda ba a ba mutum sau biyu a kusa, kafin ki ɗauki naki ki tuna wanda yake tafe a bayanki.

Mama ta sauka da jaka ɗaya da carbinta baƙi. A Yakasai an so ta bi tawagar ejan, ta ƙi. Ta ce mai 'ya a Makka me za ta yi da ejan? Su 'yan tawaga akwai wanda aikinsa ke nan, ya nema musu izini, ya tsara musu ranaku. Ita ni ta dogara da ni.

Carbin nan ba na tasbihi kaɗai ba ne. Kin san duk mai zuwa ƙasar nan da sallahu yake tahowa, kowa ya ce a kai masa gaisuwa ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Mama ba ta rubutu, sai ta ɗora kowane mutum a kan ƙwaya ɗaya. Wannan ta mai ƙosan bakin layi ce, wannan ta limamin unguwa, wannan ta matar da ta yi mata wankan jego lokacin haihuwata. Kullum bayan asuba sai ta bi su da yatsa tana maimaita sunayen kada ta manta. Ke da kanki kin tambaye ta da Hausarki mai karyewa, ta yi dariya ta ce, "Kaya ne aka ɗora mini, 'yar nan, sai na kai su zan huta."

Umara ta yi kyau, alhamdu lillahi. Ta yi ɗawafi da ƙafarta, ta yi sa'ayi da ƙafarta, ta ƙi keke. Mace ce da take takawa daga gida har kasuwar Kurmi ta dawo. Da na bar ta haka, ta huta, ta riƙa zuwa Harami tana kallon Ka'aba, da ƙafafun nan sun kai ta inda ta zo zuwa.

Kwana biyu bayan umara na je unguwar Misfala saya mata safa, sai na ga wani ofis an lilliƙa hotunan duwatsu da motoci a gilashinsa. Mai ofishin Bahaushe ne haifaffen nan, yana magana rabi Hausa rabi Larabci. Ya ce, "Ya Hajja, kati ɗaya, wuri bakwai, kwana uku. Mota mai sanyi, ga ruwa, ga mai bayani da Hausa. In kika bi su ɗaya bayan ɗaya, wallahi sai ya fi miki tsada."

Bai yi mini ƙarya ba, wannan na shaide shi. Ni ce tun yana magana na tafi wani wuri. Na hango Mama a tsakar gidanmu, mata sun kewaye ta, tana lissafa wuraren da 'yarta ta kai ta. Na sayi kati biyu.

Da na nuna wa Abbanki, ya juya katin gaba da baya, ya ce, "Rahama, Mama ce ta ce tana son ganin wuri bakwai?"

Na ce, "Ai ba sai ta faɗa ba."

Ya ce, "Ki dai tambaye ta."

Ban tambaye ta ba. Na so in ba ta mamaki.

Rana ta farko aka kai mu Arfa da Muzdalifa da Mina. Kowane wuri a tsaya kaɗan, a sauka, a ɗauki hoto, direba ya danna hon. Matakalar motar tana da tsawo, sai na tura Mama ta baya wata baiwar Allah ta ja ta ta gaba. A Mina ta dubi tantunan nan jere ba kowa a ciki, ta ce, "To ina mutanen?" Na ce ai ba lokacin Hajji ba ne. Ta ce, "Au, gidan da masu shi ba sa nan muka zo gani?" Duk motar aka yi dariya, har da ni.

Rana ta biyu aka kai mu gindin Dutsen Saur, daga nan gindin Dutsen Nur. Akwai wani gidan tarihi a cikin wurare bakwai ɗin. Da muka isa sai aka ce katin ya biya mana kuɗin shiga, amma bai riƙe mana lokaci ba, lokacin daban ake nemansa tun kafin a zo. Waɗanda suka sani suka wuce. Mu muka tsaya a waje har rana ta take, babu wurin zama sai bakin wani dakali mai zafi. Mama ta jingina da ni, ta ce, "Rahama, wai katin nan mu muka saye shi, ko shi ya saye mu?"

Rana ta uku ta ce in bar ta ta je Harami ta zauna. Har yau ina jin muryata lokacin da na ce, "Mama, saura wuri ɗaya fa, kuma an riga an biya." Ta dube ni, ta jawo takalminta. Ba ta so a ce ta yi wa 'yarta asara. Da muka dawo da yamma ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi fita. Ke kika zauna a ƙasa kika shafa mata man zaitun, kina tambayarta ko yawon ya yi daɗi, tana cewa ya yi. Yau in an tambaye ni wurin nan na ƙarshe, sai na yi tunani kafin in tuna shi.

Na ji Yasir yana gaya wa Abbanki cewa akwai motar yawon gari a Madina, tikiti ɗaya mutum ya hau ya sauka inda ya ga dama, wai duk baƙon da ya sauka gidanku zai saya masa. Niyyarsa mai kyau ce, kuma ba zan ce miki irin wannan tikiti ba shi da amfani ba. Idan ke da shi ne, ƙafafunku garau, kun je garin da ba ku sani ba, kwanakinku kaɗan, kuna son ganin wurare da yawa, ku saya, zai rage muku wahalar neman mota da ciniki. Sai dai kafin ku biya ku zauna ku faɗi wuraren da da ma kuke son zuwa ko babu tikitin. Idan biyu ne ko uku, ku je su kai tsaye. Ku kuma tambaya ko akwai wurin da sai an nemi lokacinsa daban, don biyan kuɗi daban, riƙe gurbi daban. Ki tuna kuma yawancin wuraren da mutanenmu suke zuwa gani a garuruwan nan biyu ba a biyan ko sisi a ƙofarsu. Mota kawai ake saya, da agogon direba.

Tsoho kuwa ba a saya masa wannan. Abin da aka biya gaba ɗaya yana da wani hali, yana sa mutum ya ji dole sai ya cinye shi, ko da jikinsa ya ce ya isa. Tsoho kuma ba zai ce miki a'a ba, kunyar ɗawainiyarki za ta tashe shi tsaye. Ki tambayi Inna me ta zo gani. Idan ta ce Masallacin Ƙuba, ku ɗauki tasi da safe, ta yi sallarta, ta zauna iyakar son ranta, ku dawo. Idan ba ta ce komai ba sai Masallacin Annabi, to shi ke nan, ta gama magana.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Tun kafin Mama ta zo Abbanki ya tambaye ni ko na nema mata tasrihin Rauda. Na ce zan yi. Ya sake tambaya ranar da ta sauka, na ce an gama. Ban yi ba. Nawa ya zo mini a sauƙaƙe a cikin jirgi, sai na ɗauka haka abin yake, ana buɗe waya a ga gurbi. Kwana uku za mu yi a Madina, daga can ta hau jirgin Kano. Da muka sauka masauki na buɗe waya, babu gurbi ranar, babu washegari. Na yini ina dubawa ina ɓoye fuskar wayar. Sai da la'asar ta rana ta biyu gurbi ya fito, safiyar ranar tafiyarta. Na yi maza na sa sunan Mama, ya karɓa. Na sa nawa, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. A nan ne na karanta layukan nan huɗu, a zaune a bakin gado, Mama tana bayana tana jan carbinta.

Sumayya, har a wannan lokacin akwai mafita. A masaukin akwai wata Hajiya 'yar Zariya da suka saba da Mama a wurin karin kumallo, mace mai ƙarfi, ita ma da safen za ta shiga tare da tawagarsu. Da na buɗe baki na ce ga abin da na yi, da ta riƙe Mama kamar uwarta. Da na gaya wa Abbanki, da ya nemo wata hanyar. Amma faɗar gaskiya na nufin in ce na yi ƙarya, in kuma ce na riga mahaifiyata shiga. Sai na koma ga littattafaina. Na ce mai tsaron ƙofa za ta ga tsohuwa, zuciyarta ta karye, ta ce mu wuce. Har na tsara abin da zan faɗa mata da inda hawaye zai zubo.

Da safe Mama ta yi wanka, ta sa farin hijabinta da ta ɗinka musamman, ta ce ba za ta hau keke ba, da ƙafarta za ta je. Muka taka a hankali, hannunta a kafaɗata, kowane taku sai ta cije leɓe. A bakin shingen mata akwai wata ma'aikaciya tana duba wayoyi. Ta duba ta Mama, ta ce ta wuce. Ta miƙo mini hannu, na fara jawabina. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗaga mini murya ba. Ta ce, "Wallahi 'yar'uwa, ba a hannuna yake ba. Hajja ta shiga, ke ki jira a nan. Ku tsaya gefe in ga ko zan samo mai tura ta a keke."

Mama ta ce, "Me take cewa?"

A nan, a gaban matan duniya, na gaya mata. Na ce ba za a bar ni ba, don na riga na shiga. Ta ce, "Yaushe?" Na ce kafin ta zo. Ta ce, "Au."

Ta saki kafaɗata. Ta gyara hijabi, ta dubi matan da suke kwarara ciki, ta ce bari ta gwada. Na ga ta yi taku ɗaya, biyu, uku. Wata tawaga ta taho daga baya da sauri, kowa yana gudun kada lokacinsa ya wuce, suka ture ta ba da nufi ba. Ta yi tangaɗi, ta juyo tana laluben iska, ta kamo gefen abayata. Ta ce, "Ba zan iya ba, Rahama. Ƙafafun sun ƙi." Matar da ta yi sa'ayi da ƙafarta sati ɗaya kafin nan. Ni na ƙarar da ƙafafun a kan matakalar mota.

Kafin ma'aikaciyar ta dawo da mai keke, rukuninsu ya shige, lokacin da ke kan waya ya fita. Ta ba mu haƙuri har sau uku. Jirgin Mama da yamma ne.

Muka zauna a harabar masallaci ƙarƙashin manyan lemomin nan, inda ake hango koriyar ƙubba. Ina jira ta yi faɗa, da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta ciro carbinta ta fuskanci ƙubbar, ta yi salati, ta fara. Wance 'yar wane tana gaishe ka, ya Manzon Allah. Wane ɗan wane yana gaishe ka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta kowa ba. Da ta zo ƙwaya ta ƙarshe, wadda take jikin kan carbin, sai ta tsaya. Ta ce, "Gaisuwa dai na san ta isa, daga ko'ina ma tana isa. Wannan tawa ce. Raka'a biyu na ɗora mata, a cikin dausayin Aljanna. Bari in bar ta sai baɗi."

Sannan ta ce, "Ke da kika shiga, yaya wurin yake?"

Ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba. Na share fuska na fara gaya mata. Na faɗa mata laushin daddumar, da fararen ginshiƙai masu ado, da ƙamshin da ba irin na turaren kasuwa ba, da yadda mata suke kuka kowa da harshenta, da yadda raka'a biyu suke ƙarewa kafin mutum ya san ya fara. Ta rufe ido tana ji. Da na gama ta ce, "Kin iya ba da labari, 'yar nan. Karatun naki bai tafi a banza ba." Ba gatse ta yi ba, da gaske take. Shi ya sa har yau maganar take ci na.

A filin jirgi ta danƙa mini carbin, ta ce in ajiye mata, kada ta sha wahalar kawo shi baɗi. Sauran kin sani.

Idan kika yi kuskure, 'yata, ki faɗe shi tun ana iya gyarawa. Kunyar yini ɗaya na guje wa. Kada kuma ki tsara wa mutane abin da za su yi a cikin kanki, sannan ki dogara da shi. Ma'aikaciyar nan ba muguwa ba ce, aikinta take yi, ba ta san na rubuta mata wani matsayi a labarina ba.

Ga abin da nake so ki yi wa Inna. Ranar da bizarta ta fito, ki karɓi lambobin bizarta da fasfonta a wurin kawunki, ki nema muku ku biyu, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Kada ki bar wa Yasir, kada ki bar wa kawunki, kowa zai ɗauka ɗayan ya yi. Ki zaɓi farkon kwanakinta a Madina, don in wani abu ya gitta a samu ranar gyara. Kafin ranar kada ki kai ta ko'ina, ko kasuwar dabino. Ta huta, ki shafa mata man zaitun irin yadda kika yi wa Mama. Idan ta ƙi keke, ki lallashe ta, ki ce ke ce kike son ladan turawa. Na tambaya an ce mini wanda ya soke tasrihinsa kafin ranar ba a lissafa shi cikin waɗanda suka shiga. Amma ƙa'idojin nan suna canzawa, kada ki dogara da bakina. Ki karanta da idonki, ki tambayi ma'aikatan masallacin. In kin tabbatar cewa shigarki yanzu ba za ta hana ki shiga da ita ba, na janye roƙona. In akwai ko ɗan shakku, ki soke.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. A Makka aka haife ki, shekara goma sha tara ba ki taɓa shiga ba, kullum ana cewa wata rana. Yanzu kin samu, a satin amarcinki, kin riga kin gaya wa ƙawaye, wataƙila har kin tsara addu'o'in da za ki yi wa sabon gidanki. Na san daɗin irin wannan tsarin fiye da kowa. Amma Madina ta zama garinki, in Allah Ya ba da rai za ki shiga har ki shiga da 'ya'yanki. Inna kwana goma sha biyu aka rubuta mata a tikiti.

Ban haife ki ba, Sumayya, kuma ban taɓa mantawa da haka ba, shi ya sa nake taka-tsantsan da abin da nake umartarki. Shekara biyu kina kirana Abla, kamar malamar makaranta, kafin wata rana da zazzaɓi ya kama ki ki ce Umma. Tun daga ranar ban taɓa neman komai a wurinki da wannan sunan ba. Yau na nema. Da mahaifiyarki tana raye, Allah Ya jiƙanta, ita ce za ta riƙe hannun Inna. Inna ta binne 'yarta daga nesa, ba ta ga ko kabarinta ba. Idan ta ɗora hannu a kafaɗarki, kafaɗar 'yarta za ta ji.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga carbin Mama. Lokacin jirana ya daɗe da cika, na sha buɗe waya in ga gurbi, in kasa dannawa. Ki tafi da shi ranar. Idan Inna ta idar da raka'o'inta, kin tabbata ta zauna daidai ba mai ture ta, ke ma kin yi naki, ki nemi ƙwayar da take jikin kan carbin. Za ki gane ta, ta fi sauran santsi, don na sha riƙe ta. Ki ɗora yatsanki a kai ki roƙa wa Mama, Sa'adatu 'yar Malam Garba, gafara, ki ce Allah Ya shigar da ita dausayin da ta zo har bakin ƙofarsa ta koma. Bayan nan ki ba wa Inna carbin, ta tafi da shi Sakkwato ta ja tasbihinta. Ba sauran kaya a kansa.

Ki gaishe da Yasir, ki ce na gode da yadda yake girmama Abbanki. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya tsare ki daga abin da kike tsoro da wanda ba ki san ki ji tsoronsa ba. Allah Ya kawo Inna lafiya, Ya ƙarfafa ƙafafunta, Ya buɗe muku ƙofar tare, Ya mayar da ita gida lafiya. Ni ma ki sa ni a addu'a, Allah Ya sauke ni lafiya. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Ummanki,
Rahama